Farantin da Ya Hana Mu Inuwa

Tun kafin a fara maganar faranti, ni tsoron rufin motar nake ji. Ƙarfe ne, ba ƙasa ba, ba zana ba. Lokacin da nake da ciki, nakan ɗaga hannu da hantsi in taɓa shi daga ciki, in ji yadda ya fara ɗaukar zafi, in ce a raina, to in an sauka lafiya fa? Babba in ya ji zafi tashi yake ya fita. Jariri ina za shi? Ban faɗa wa kowa ba. Mai cikin fari ba ta zama tana ba mutane labarin abin da take tsoro game da cikinta, sai a ce idonta ya bushe.

A cikin mota muke zaune, ni da maigida. Damina ce ta rushe ɗakinmu a gidansu da ke Gure, sauran ɗakunan kuma duk da mutane a ciki. Yana da wata tsohuwar motar haya da ya saya hannun wani direba, sai ya cire kujerun, ya kafa gado a baya, ya rataya labule a tsakiya, gaba kuma ya jera kayan sana'arsa. Cajin waya yake yi, yana gyaran rediyo da tocila, yana sayar da batir da ƙananan kaya. Kasuwannin ƙauye yake bi, Gidigir, Gamu, har can wajen Alakos inda makiyaya suke. Ya ce ba zai bar ni a ɗakin uwarsa kamar baƙuwa ba, in zo mu tafi tare. Na ji daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba. Ina dafa shayi ina soya fanke a bakin ƙofar baya, shi yana aikinsa a ƙofar gefe. Mutanen kasuwa suna kiranmu 'yan tafi-da-gidanka. In mun shigo gari sai ka ji ana cewa ga masu gida bisa taya nan sun iso.

Aikina na farko duk inda muka je shi ne zaɓen itace. Tun daga nesa nake duba. Ba kowane itace ke da inuwar kirki ba. Aduwa tana da inuwa mai kauri amma ƙayarta na cin taya, sai na sauka na share wurin da tsintsiya kafin ya shigo da mota. Kandili inuwarsa kamar rariya take, rana tana zubowa ta cikinta. Gawo da rani ya fi kowa, da damina kuwa tsirara yake. Goruba ba ta da komai sai tsayi. Kuma ba inda inuwa take da safe nake kallo ba, inda za ta koma bayan azahar nake kallo. Nakan ce masa, “Ƙara gaba kaɗan. Juya hancinta gabas. Tsaya.” Shi kuma ya ce, “To, ranki ya daɗe, sarauniyar inuwa,” ya kashe mota. Panon da ke ba mu wuta daga rana ba a kan mota yake ba. Doguwar waya gare shi, sai a fitar da shi fili a jingina shi da tsohuwar taya, shi yana shan rana mu muna shan inuwa. Haka na haihu, na yi wankan jego a Gure, muka koma hanya da yaron. Tsoron nan nawa ya kwanta, don a ƙarƙashin itace rufin ba ya wuce ɗumi.

Sai maigida ya fara maganar tele. A wata kasuwa ya ga wani mai shago ya kafa tele, mutane sun cika wurin har waje suna kallon kokawa, kuma duk wanda ya zo kallo a nan yake ba da cajin wayarsa. Ya ce in muna da tamu, duk inda muka tsaya nan ne dandalin gari. Zan sayar da shayi har in gaji. Ban ƙi ba. Ni ma ina son kallo. Ya samo tele da akwatinta hannun wani abokinsa, saura abin nan da ke kamo hoto daga sama, wanda suke kira parabol. Ni faranti nake ce masa, don da faranti ya yi kama.

Ranar da za a saya, ƙarshen sanyi ne, muna Gure. Wan maigida ya ce zai raka mu, wai ya san mai butik ɗin, wato shagon da ake sayar da kayan. Yaya nake kiransa. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma maigida ba ya tsallake maganarsa. Na bi su da yaron a bayana, na tsaya daga bakin ƙofa.

Mai butik ya fito da kaya ya shimfiɗa a ƙasa. Akwai wani babba, irin na kan soro, ya ce wannan ba na mota ba ne, iska za ta kifar da ku. Ya nuna musu wani a cikin wayarsa, rufaffe kamar ƙwarya a kife, wai shi da kansa yake juyawa yana neman hoto, amma sai an aiko da shi daga ƙasashen waje. Suka yi ta kallonsa suna girgiza kai, aka mayar da waya aljihu. Saura biyu. Ɗaya mai ƙafafu, ana ajiye shi a ƙasa, a danne ƙafafun da dutse ko buhun yashi, a jawo doguwar waya zuwa mota. Ɗayan kuma ana huda rufin mota a ɗaure shi da kusoshi, yana da wuya mai lanƙwasa, in za a yi tafiya a kwantar da shi, in an tsaya a tayar.

“Hoton duk ɗaya ne,” in ji mai butik. “Sai dai ku sani, abin nan ba ya shiri da itace. Sama yake so ya gani fayau. Ko reshe ɗaya ya gifta gabansa, hoto ya tafi.”

Na dubi maigida in ga ko ya ji abin da na ji. Yana tsugune yana lanƙwasa wuyan na saman, yana miƙewa, yana murmushi kamar an ba shi ɗan rago.

Yaya ya taɓa mai ƙafafun da tsinin takalminsa. “Wannan ai na masu talla ne. Ka ajiye shi a ƙasa a kasuwar dabbobi? Akuya ta zo ta sosa jikinta, raƙumi ya taka waya, yara su mayar da shi abin wasa. Ka juya baya wani ya saɓa shi a kafaɗa. Na sama kuwa tun daga bayan gari za a hango ka. Ba sai ka yi shela ba.”

Ba ƙarya ya yi ba, akuya tana sosa jiki da duk abin da ta samu. Amma panon ma a ƙasa yake tun da muka fara, ni nake korar masa awaki, ba abin da ya taɓa samunsa.

A nan ne ya kamata in ce, yaron nan fa? Amma yaron ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban wan miji. Ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai ki bar wata ta ɗauke shi. A cikin gida wannan ba ya cutar da kowa, don akwai kaka, akwai gwaggo, akwai wadda za ta buɗe baki a madadinki ta yi faɗan da ke ba za ki iya ba. A mota babu kaka. Ni kaɗai ce, kuma an ɗaure mini baki tun kafin a haife ni. Ina jin numfashinsa a tsakiyar bayana, na rasa ta inda zan ɓullo.

Sai na ce, a hankali, ina kallon ƙasa, “Yaya, in mota ta tsaya a rana, ruwan sha zai yi zafi.”

Yaya ya juyo kamar yanzu ya san ina wurin. Ya yi dariya har da tafa hannu. “Kai, ƙanena, ka ji madam. Ruwan sanyi take so. Mai butik, ba ka da firigo a haɗa mata?”

“Akwai, Alhaji, har da mai yin ƙanƙara.”

Suka yi dariya su duka, har da maigida, ko da yake shi tasa ba ta yi ƙarfi ba. Yaya ya ce a naɗe bido, wato jarkar ruwa, da tsumman buhu a jiƙa, haka kakanninmu suka sha ruwa. Aka ɗauki na sama. Kafin la'asar mai walda ya hau kan motar da injinsa. Ina zaune a gindin katanga ina jin ƙarar huda, garin ƙarfe yana zuba bisa gadonmu, don ba wanda ya tuna ya naɗe shimfiɗa.

Washegari a hanyar Gidigir, mu biyu sai yaron, na yi masa magana sosai.

“Maigida, ba ruwan sha nake nufi ba jiya.”

“Na sani.”

“Ka sani ka yi dariya?”

“To me zan yi? In ce wa Yaya matata ta fi shi sanin mota?” Ya kauce wa wani rami. “Ke dai kin cika tsoro. Da safe mu tsaya a inuwa, in lokacin kallo ya yi in fito da ita fili. Shi ke nan.”

Haka ya yi niyya, na yarda. Amma abin bai yiwu ba. Neman hoton nan aiki ne. Sai ya hau sama yana juya farantin kaɗan-kaɗan, ni ina ƙasa ina kallon tele ina cewa babu, babu, ya zo, ya tafi. Wata rana a samu nan da nan, wata rana har gumi ya jiƙa masa riga. In an samu kuwa, ko taya ɗaya ta motsa an rasa. Kuma mutanen kasuwar ƙauye ba na yamma ba ne. Makiyayi da hantsi yake zuwa, ya sayar, ya saya, kafin rana ta yi sanyi ya kama hanyar rugarsa. In ana son su, da rana tsaka ake samunsu. Sai ya zama tun da muka iso yake wuce itacen, ya nemi fili, ya kafa, ba a sake taɓa motar sai an tashi kasuwa. Ranar farko da muka wuce gawon da muka saba tsayawa a gindinsa a Gidigir, na ga wani mai gyaran takalmi ya riga ya shimfiɗa buhunsa a wurin da nake sharewa.

Kasuwa kuwa ta buɗe, ban hana gaskiya ba. Ya ɗaura tamfol daga ƙofar gefe zuwa sanduna biyu, ya kafa tele a bakin ƙofar tana kallon waje, maza su cika ƙarƙashin tamfol ɗin, wasu a tsaye a rana da rawunansu. Tsofaffin da ba su taɓa ganin teku ba suna salati in an nuno ta. Wayoyi sun yi yawa har ya ƙara wurin caji. Shayina ba ya kwana. Da sauran sanyi-sanyi a gari, zafin cikin motar bai fi ƙarfina ba, har na fara cewa ko dai tsoron banza nake yi.

Sai bazara ta shigo.

Wanda bai taɓa zama cikin mota a rana ta bazara ba, ban san yadda zan gaya masa ba. Kafin azahar ba a iya jingina da bango. Cokalin da na manta a gefen taga sai da tsumma nake ɗaukarsa. Man shafawa ya narke ya zama ruwa a cikin kwalba. Tamfol na masu kallo ne, ni ba zan ratsa maza in zauna a cikinsu da goyo ba. Ƙofar baya nan murhuna yake, ga wuta ga rana. In na ce in ɗauki yaron in tafi gindin wani itace, itatuwan kasuwa duk da masu su, maza ne da dabbobinsu, kuma kafin in zauna an fara kira, mai shayi, ina mai shayi. Sai in kwantar da shi a kan gado bayan labule, in jiƙa zane in rufa masa, in fita in zuba shayi, in dawo in tarar zanen ya bushe ƙamas. Ƙuraje suka feso masa a wuya da hammata da bayan kunne. Yana kuka, tele tana ihu, ba mai jinsa sai ni.

Na yi dabara. Na sayi tabarmin kaba guda biyu a Gamu, na roƙi maigida ya shimfiɗa su a kan rufin ya danne da duwatsu. Ya yi, bai yi musu ba. Zafin cikin motar ya ɗan sauka, har yaron ya yi barci mai nauyi ranar. Kasuwa ta gaba ana kallon ƙwallo, an zo wurin da kowa ya miƙe tsaye, sai guguwa ta taso daga fili, ta ɗaga tabarma ɗaya ta maka ta a fuskar farantin. Hoto ya ɗauke. Wurin ya kaure. Wani yana cewa a mayar masa da kuɗinsa, wani yana cewa dama motar mata ce, me ake jira. Maigida ya hau sama, ƙarfen yana ƙona masa tafin ƙafa, ya fizge tabarmin ya jefo su ƙasa. Da ya sauko ya leƙo bayan labule, idonsa ja.

“Kin ga abin da kika jawo mini?”

“Ni na aiko iskar?”

“Kada in sake ganin komai a kan motar nan. Kin ji ko?”

Bai taɓa yi mini tsawa haka ba. Da aka watse ya zo ya zauna kusa da ni ya ɗauki yaron yana hura masa wuya. Tabarmin dai ba su sake hawa ba.

Zawo ya kama yaron muna hanyar Alakos. Na ba shi abin da na sani, na ci gaba da ba shi nono, na ce wa maigida mu koma Gure. Ya ce wannan kasuwar kaɗai, an san da zuwansa, akwai babban wasa, da an tashi sai gida. Kasuwar a fili take, yashi ne ko'ina, sai wata babbar aduwa guda da muka saba tsayawa a gindinta kafin faranti. Ranar ya tsaya nesa da ita kamar jifan dutse. Ina ganinta ta ƙofar baya, awaki sun kwanta a inuwarta suna tuƙa.

Wajen azahar na lura yaron ya daina kuka. Da farko na ce alhamdu lillahi, ya samu barci. Da na ɗaga zanen sai na ga idonsa a buɗe, sun faɗa ciki, yana kallona kamar bai san ni ba. Na ba shi nono ya kama ya saki. Leɓensa ya tsage. Na shafa kansa, maɗigarsa ta lotsa har yatsana yana shiga. Sai na tuna tun safe ban canza masa tsumma ba, don bai jiƙa ba.

Ban san lokacin da na yaye labulen ba. Ban bi ta baya ba, ta ƙofar gefe na fito, na tsallake wayoyin mutane, na tsaya a gaban tele da yaron a hannuna, ko mayafi babu.

“Ke, matsa mana!”

“Mai shayi, kin tare mu!”

Na kira sunan yaron. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa, na kira shi da ƙarfi a gaban mazan kasuwa, na sake kira, na ce wa ubansa, “Dube shi! Ɗana zai mutu a cikin tandun nan, kai kana kallon ƙwallo!”

Maigida ya dubi yaron sau ɗaya. Ba zan zalunce shi ba, bai tsaya gardama ba. Ya fizge wayar tele, ya kwashe wayoyin mutane ya zube musu a kan tamfol, kowa ya nemi tasa. Ko farantin bai kwantar ba. Muka kama hanya farantin yana tsaye a sama, iska tana kaɗa shi yana ƙara kamar zai tsage rufin. Ina ɗiga wa yaron ruwa a baki da yatsa, ruwan ma mai zafi. Maigida yana tuƙi yana cewa, “Yana numfashi? Ke, yana numfashi?”

A likita, wato asibitin Gure, aka sa wa yaron ƙarin ruwa. Sai da suka sha wuya kafin su samu jijiya. Matar da ta duba shi ta tambaye ni inda yake kwana da inda yake wuni, na faɗa mata. Ta dube ni, ta dubi maigida, ta ce zawo da zafi in suka haɗu a jikin yaro ƙarami ba sa jira. Allah ya sa da sauran kwanansa. Ranar da ya jiƙa tsumma na yi kuka kamar an yi mini bushara.

Da aka sallame mu, aka zauna a tsakar gida, Inna, wato uwar maigida, da Yaya, da shi, da ni daga gefe. Inna ta rungume jikanta tana faɗa, tana cewa an mayar mata da miji ƙashi da fata, wane irin rashin imani ne wannan. Na ji sanyi a raina, na ce yau ga mai magana a madadina. Tunda kuma bakina ya riga ya buɗe, na ce, “Inna, abin mai sauƙi ne. A sauke farantin nan a sa masa ƙafa, a ajiye shi a ƙasa kamar pano. Mota ta koma inuwa.”

Yaya ya gyara zama. “An riga an huda rufi. A cire, damina ta zo, ruwa ya zuba musu a gado?”

“Mai walda zai toshe, Yaya.”

“Ji ta. Yanzu har walda ta sani.” Ya juya wajen Inna. “Ni tun farko ban ga dalilin yawo da mace da jariri a mota ba. Laifin ba na faranti ba ne. Kuma labari ya riga ya iso, wai ta tsaya a tsakiyar kasuwa kai babu ɗankwali tana kiran sunan ɗan fari. Har an tambaye ni ko lafiyarta ƙalau.”

“Na ji,” in ji Inna, ta sauke murya. “Wannan kam bai yi kyau ba, 'yar nan. Ko me ya faru, akwai kunya.”

Na dubi maigida. Shi ya ga idon yaron, shi ya yi ta tambaya ko yana numfashi. Kalma ɗaya nake jira. Yana zaune yana tona ƙasa da tsinke. Da Yaya ya ce, “Ko kuwa, ƙanena?” sai ya ce, “Yadda kuka gani.”

Yadda suka gani shi ne ni da yaron mu zauna a ɗakin Inna, shi ya ci gaba da bin kasuwa. Tsakanin ni da faranti, ni aka sauke daga motar.

Yanzu yaron yana tafiya, yana bin kaji a tsakar gida. Inna tana kula da shi, ba ni da abin cewa a kanta. Ina kwana a bayan gadonta, kayana suna cikin buhu har yau, murhun shayina yana bayan ƙofa ya yi tsatsa. Maigida yana biyowa in hanya ta kawo shi Gure, ya kwana ɗaya ko biyu a cikin motar a ƙofar gida, don babu ɗakin da za mu shiga. In ya miƙa hannu yaron sai ya ɓuya a bayan Inna. Shi maigidan ya rame, abincin kasuwa yake ci. Zuwansa na baya na kai masa ruwa, na ga bayan wuyansa duk ƙuraje. Na tambaye shi. Ya ce da rana shi ma ba ya iya shiga ciki, a ƙarƙashin motar yake rarrafawa ya kwanta in mutane sun ragu.

Na ce, “To ka sauke shi mana.”

Ya ce, “Kowa ya san motar da shi. In na sauke, me zan ce wa Yaya? Me za a ce a kasuwa?”

Ya san gaskiya, ba sai an koya masa ba. Abin da ya rasa shi ne namiji ɗan'uwansa da zai fara faɗa, don ya samu inda zai jingina, kada a ce maganar mace ya bi. Ni na faɗa a gaban wansa an yi dariya, na faɗa a gaban kasuwa an ce ba ni da kunya. Bakina ya gama amfaninsa.

Karatuna bai yi nisa ba, na dai rubuta yadda abin ya faru. Kai mai karantawa, in kana bin kasuwannin nan, Gidigir ko Gamu ko wajen Alakos, ka ga motar da faranti a kanta tana tsaye a rana, ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka yi masa magana a gaban mutane, kada kuma ka ce ni na aiko ka. Ka bari a watse, ka ja shi gefe, ka ce masa kai a ganinka na ƙasa ya fi, ya sauke shi ya sa masa ƙafa, ya zo ya ɗauki iyalinsa.